Ba a Gaya wa Na Kan Ruwa

Tun da muka bar tsibiran Azores ban sake jin muryar Baba ba. A can bakin tashar jirage, da buhun dankali a kafaɗata, na tsaya na saurari saƙonsa na ƙarshe. Tarin ya fi maganar yawa, amma bai fasa tsokanar da ya saba ba. Ya ce, "Kai na kan ruwa, har yanzu kana dafa wa Turawa ganye? Ɗan mai fito ya ƙare a bakin murhu. To, Allah ya tsare hanya." Rediyonsa na ta surutu a bayansa kamar kullum. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai wannan" ne, da na kama aikin jirgi sai na koma "na kan ruwa".

Sunana Isiyaku, mutumin Yawuri, kuku a jirgin wani attajiri. Ba jirgin kaya ba ne, ba kuma na kamun kifi ba. Irin farin jirgin nan ne na shaƙatawa da suke kira yot, wanda aka ƙera don mutum ɗaya ya zauna a inuwa ya sha abu mai sanyi yana kallon ruwa. Yadda aka yi na kai can doguwar magana ce: kicin ɗin wani otal a Apapa ta Legas, sai jiragen kaya, sai Las Palmas, inda wani ɗan ƙasarmu mai zaƙin baki ya karɓi fasfona wai zai samo mini aiki, na yi wata da watanni ina farautarsa a masallatai kafin in karɓo abina. Ba wannan labarin ya kawo ni yau ba.

Mai jirgin ba ya tare da mu. Shi ba ya ƙetare teku ta ruwa, jirgin sama yake hawa, mu kuma mu kai masa abin wasansa New York ya tarar da shi a wanke a goge. Mu biyar ne a ciki, amma biyu ne za su shigo labarin nan. Akwai Kyaftin Rob, dogon Bature ɗan Scotland mai jan gemu, mutumin da ko ciwon haƙori ba ya iya ɓoyewa. Akwai kuma Rodel, injiniyanmu ɗan Filifin, gajere marar magana, kullum farcensa da baƙin mai. Dukansu "Zak" suke ce mini, Isiyaku ya fi ƙarfin harshensu.

Dokar jirgin ta farko ita ce ba a shiga da takalmi. Katakon da aka shimfiɗa a samansa ya fi gidanmu na Yawuri tsada, 'yar tsakuwa a tafin takalmi ta isa ta karce shi. Akwai kwando a bakin matakala, duk wanda ya zo ya cire ya jefa, ko da mai jirgin ne. In za a shiga teku sai a kwashe takalman a rufe a wani akwati. Haka muke yawo ƙafa ba takalmi har a sauka. A duk aikin, wannan kaɗai ne ban sha wahalar koyo ba.

Kwanakin farko bayan Azores lafiya lau. Jirgin yana da intanet, ko a tsakiyar teku waya na aiki kamar kana cikin gari, abin da a da nake ɗauka ni'ima ce. Kullum da hantsi, in na gama wanke-wanken karin kumallo, sai in kira Hajara, ƙanwata da ke jinyar Baba. Takan ce da sauƙi, ya sha kunu, ya yi faɗa da mai allura. In dai Baba na faɗa, to da sauran ƙarfi.

Sai wata rana na kira ba ta ɗauka ba. Can da la'asar ta turo saƙon murya. "Yaya, ina wuni. Ya ruwa? Baba ya samu barci ne. Yaushe za ku sauka?" Na saurara, na sake saurara, ba don maganarta ba, don abin da ke bayanta. Akwai muryoyin mata da yawa, ƙasa-ƙasa. Ana daka, kuma ba turmi ɗaya ba. Rediyo kuwa babu. Baba ko barci yake rediyon nan a kunne yake, in ka kashe sai ya farka ya tambaye ka wa ya aike ka.

Washegari guruf ɗin gidanmu, inda ake wuni ana turo wa'azi da hotunan biki, ya yi tsit. Wani abokina na firamare, wanda rabona da shi tun kafin in bar Legas, ya turo saƙo ya goge kafin in buɗe. Daga baya ya rubuto, "Yi haƙuri, kuskure ne. Yaushe za ku sauka?" Kawu Bala, ƙanen marigayiya Innarmu, wanda ke tuƙa tasi a New York, shi ma ya kira. Ya ce, "Ɗana, wace rana ce saukarku? Ni zan zo in yi picking ɗinka da kaina, kar ka shiga jirgin ƙasansu na subway." Wannan fa Kawu Bala ne, wanda ranar Sallah ma daga idi yake wucewa aiki. Kowa ya koma mai son sanin ranar saukarmu, ni kuwa ba yaro ba ne.

A gidanmu, da duk gidajen masu fito da na sani, ba a gaya wa wanda ke kan ruwa mutuwa. Sai ya taka ƙasa, ya zauna, an ba shi ruwa ya sha, ga mutane kewaye da shi. Dalilin a fili yake. Mutumin da aka girgiza a cikin kwale-kwale miƙewa zai yi, in ya miƙe kuwa ba shi kaɗai zai tafi ba. Ni kaina na sha filafili a gadon baya saboda miƙewa a jirgi. Da na hango tsuntsu ko wani kifi ya yi tsalle, sai dai a gan ni tsaye. "Zauna!" ita ce kalmar da na fi ji daga bakin Baba a duk ƙuruciyata.

Ina saurayi na ga yadda ake yin abin. An aiko daga tsallake cewa matar wani mai sayar da albasa ta rasu yana kasuwa, kuma mu ne za mu ƙetare da shi. Baba na baya da filafili, ni ina gaba. Tun daga gaɓar nan har waccan Baba bai rufe baki ba: albasar bana, tsutsar da ta shiga gonaki, wane gari ya fi iya ajiya. Mutumin na amsawa har da dariya. Da muka kusa, ya hango dattawan garinsu tsaitsaye a bakin ruwa, dariyar ta ɗauke. Bai tambaya ba. Baba ma bai daina zancen albasa ba har jirgin ya daki yashi.

Saboda haka na san abin da ake yi mini. Na kuma san waya na hannuna. In na kira Hajara na ce don Allah ta gaya mini gaskiya, kuka za ta fashe da shi, magana ta ƙare. Ban kira ba. Muddin ban tambaya ba, Baba barci yake. Wataƙila ma da gaske ne: jiki ya yi tsanani, matan 'yan dubiya ne, dakan na kunun baƙi ne, rediyon kuma batir ne ya ƙare. Wannan batirin na riƙe da hannu biyu.

Ban yi kuka ba, ban kuma ji tsoro ba. Gaskiyar magana ban ji komai ba. Kamar ƙafar da ka daɗe zaune a kanta, kana ganinta, kana taɓa ta, amma ba taka ba ce. Haka na koma tun daga kai har ƙasa. Ina tashi, in kwaɓa burodi, in dafa shayi, in soya ƙwai, in wanke, in sake ɗorawa. Ranar da na yanke yatsa ina yanka karas, sai da na ga jini a katako sannan na sani.

Ƙarshen doguwar tafiya a teku ba shi da wani armashi, ko ga wanda zuciyarsa ke lafiya. Ganye ya ƙare, tumatir ya yi laushi, lemo ya yamutse, an koma gwangwani da abin da ke cikin ƙanƙara. Duk abin da ka taɓa akwai danshin gishiri, har zanin gado. Ƙarar injin ta shige maka ƙashi har ka daina jin ta. Labarin kowa ya ƙare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai yi dariya. Mutanen da suka taso suna raha yanzu sai su yi fushi a kan wanda ya bar cokali a cikin sukari. Teku kuwa kullum ita ce, toka-toka, ba tsuntsu, ba jirgi, ba ko itace da zai nuna maka kana motsi. Kogin Kwara yana da gaɓa, yana da ƙauyuka, kana tafe ana ɗaga maka hannu. Wannan ruwan ba ya gaisuwa.

A ɗakin tuƙi akwai allo mai nuna taswira, da ɗan ɗigo wanda shi ne mu. Kowa ya ci abinci sai ya leƙa ya ga yadda ɗigon ya matsa kusa da Amurka, a fara lissafin abin da za a ci in an sauka. Ni ban taɓa leƙawa ba. Su ƙasa suke nema, ni kuwa na san abin da ke jira na a ƙasa. A duk jirgin ni kaɗai ne nake fatan injin ya tsaya. Har nakan kalli Rodel yana goge hannu in ji haushin yadda ya iya aikinsa.

Yamma muka nufa, don haka alƙibla na bayanmu, gida ma haka. A bayan jirgi nake sallah, ina fuskantar farin kumfar da muka bari. In na sallame sai in rasa addu'ar da zan yi, ta marar lafiya ko ta mamaci. Sai in ɗaga hannu in ce, "Allah, ga Baba nan," in shafa. Wata azahar manyan kifayen nan masu tsalle, dolfin, suka biyo mu, sauran suka fito da wayoyi suna ihu. A da da ni za a yi, in ɗauka in tura wa Baba ya ce ayu ya fi su kunya. Na kalle su, na naɗe sallayata, na koma kicin.

Da la'asar ɗin wata rana ina murza ƙullu sai ga Kyaftin a ƙofar kicin. Ba ya shigowa kicin sai in yana neman biskit, amma ranar bai kalli gwangwanin ba. Ya ɗauki cokali ya ajiye. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

Ya ce, "Zak, kawunka ya kira ni a wayar jirgi."

Na ci gaba da murzawa.

"Ya gaya mini wata magana, ya ce in riƙe har mu sauka. Wai ai ni mai jirgi ne, na san doka. Ni ban san wannan dokar ba. A wurinmu maganar mutum tasa ce, ba ni da ikon zama a kanta. In ka ce in faɗa, yanzu zan faɗa."

Kawu Bala ke nan. Ya fi shekara ashirin a Amurka, amma a tunaninsa duk wanda ke riƙe da jirgi mai fito ne. Ya yi abin da ake yi a gida, ya gaya wa mai jirgi don ya lura da fasinjansa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai jirgin da za a ba amana irin wannan ya kwaso ta ya kawo kicin ba.

Na ce, "Kyaftin, kifin nan da aka kama jiya, a gasa ko a yi miya?"

"Zak, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. In aka gasa zai bushe, ya kwana a firij."

Ya daɗe tsaye. Jirgin ya karkata, cokulan da ke rataye suka kaɗa, suka koma. Ya ce, "A yi miya," ya fita.

Na ji haushin Kawu, na ji haushin Kyaftin, amma haushin ma bai zauna ba, ya bi sauran. Maganar batir ta ƙare, wannan na sani. Ba a kiran mai jirgi saboda batir. Duk da haka ba wanda ya furta, kuma abin da ba a furta ba ina iya ɗaukarsa in kai gaɓa. Na yi miyar, aka ce ta yi daɗi. Ni ban ji gishirinta ba.

Washegari Kyaftin ya dawo, idanunsa sun nuna bai runtsa ba. Ya ce, "To me ake so in yi? Ina zaune a kan abin nan, ina kallon ka kana ba ni abinci."

Na ce, "Hira ake yi."

"Hirar me?"

"Ko ta albasa."

Bai san komai a kan albasa ba, sai ya kama zancen tumaki. Ashe mahaifinsa makiyayi ne a wani tsibiri mai sanyi. Daga ranar kullum da la'asar sai ya zo ya jingina da ƙofar kicin ya yi ta bayani: yadda ake yi musu aski, ciwon kofato, karen da ya fi wani wayo. Bai iya ba ko kaɗan. Yakan yi shiru a tsakiyar magana ya ƙura mini ido, sai ya tuna, ya koma kan kofato da sauri. Da Baba ya gan shi da ya ce wannan ko kaza ba zai ƙetare da ita ba. Amma bai fasa zuwa ba, kuma bai faɗa ba. Na san abin da hakan ya ci masa, don mutum ne da ya tsani ɓoye-ɓoye.

Na kuma lura duk lokacin da na fita sallah a bayan jirgi, sai in ga Rodel ya zo ya zauna a kan wani akwati yana goge wani ƙarfe da ba ya bukatar guga. In na naɗe sallaya sai ya tashi. Wata rana ya biyo ni kicin, ya ɗauki wuƙa ya taya ni feraye dankali har muka cika roba, ya wanke hannu ya koma wurin injinsa.

Da muka kusa Amurka sai muka shiga hazon teku, fari fat, mai jiƙa gashi. Daga tsakiyar jirgi ba ka ganin hancinsa. Aka rage gudu, ana busa ƙaho lokaci-lokaci, wasu manyan jirage na amsawa daga inda ba mu gani. Sanyi ya sauko, katakon na cizon tafin ƙafa. Sauran suna ta ƙorafi, ni kuwa da za a bar mu a cikin hazon nan da na gode. Ba gaba, ba baya, ba wanda zai tambaye ka yaushe za ka sauka. Wayata na aljihu, Hajara na turo gaisuwa safe da yamma, ina mayar mata. "Ya mai jiki?" ce kawai na daina rubutawa, don kada in sa ta ƙarya.

Ta hanci ƙasa ta fara iso mana. Wata safiya na buɗe tagar kicin na ji warin taɓo da hayaƙin mota. Ga ƙuda ɗaya a kan burodi, na farko tun Azores. Na tsaya ina kallonsa, ban kore shi ba. Hantsi na yi hazon ya yage, sai ga wata doguwar gada a samanmu, motoci na bi ta kanta ƙanana. Bayanta ga koren gunkin matar nan mai ɗaga fitila, ga dogayen benaye a cunkushe. Wata yarinya cikin ma'aikatanmu ta fashe da kukan murna. Ni na koma na kashe tanda, don burodin ya kusa ƙonewa.

Aka ɗaure jirgi. Injin ya yi shiru, kunnena ya ci gaba da ƙararsa shi kaɗai. Jami'an shige da fice suka duba fasfon kowa suka miƙa, nawa koren fasfo aka riƙe ana jujjuyawa. A ina aka haife ni, wa na sani a nan, me ya sa ɗan Nijeriya ke dafa abinci a jirgin nan. Na saba, a kowace tasha haka ne. Ranar ma har na so mutumin ya ƙara tambaya. Kyaftin ya tsaya a gefena yana huci har aka buga hatimi.

Shi da kansa ya buɗe akwatin takalma ya miƙo mini nawa. Sun yi fumfuna, fatar ta ƙage. Ya ce, "Ka tafi, kada ka dawo sai ka ga dama. Za mu ci gwangwani." Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ban ji daɗin riƙe abin nan ba, Zak. Har yanzu ban yarda da dokarku ba."

Na ce, "Ka iya kiwon tumaki dai."

Ya yi wata dariya da ba ta fita daidai ba, ya juya da sauri.

Na sauka matakala, na sa takalman a bakin kwando. Suka matse ni kamar na aro. Ƙasar ma ba ta tsaya ba, tana ta lilo a ƙarƙashina, haka take yi wa duk wanda ya daɗe a ruwa. Kawu Bala na tsaye jikin tasinsa a bakin titi, da farar riga da hula a ranar aiki. Ya rungume ni, ya karɓi jakata, bai kalli idona ba.

Tun kafin in rufe ƙofa ya fara. "Ɗana, garin nan ya lalace. Jiya-jiyan nan suka ba ni ticket ɗin tara, wai na yi parking a gaban famfon 'yan kwana-kwana. Ina famfon? Shara ta rufe shi! Ga landlord ɗinmu, elevator ta yi sati tana wasa da mutane, ka kira shi sai voicemail."

Na ce, "Ai sai ku haɗu ku kai ƙara, Kawu."

"Wa zai haɗu? 'Yan Ghana na aikin dare, 'yan Nijar na Harlem, mu muna kan titi. Kai, ka san yadda akuya ta yi tsada a nan? Akuyar da ko ƙaho ba ta da shi."

"A ina kuke saye?"

Ya yi mini bayanin inda ake saye, da wanda ya fi iya yanka, da wanda ke cusa maka ƙashi. Muka bi gefen kogi muka haura, muka shiga Harlem. A kan titin 125 fitila ta tsayar da mu. Wani mai sayar da turare a tebur ya gane motar, ya ajiye kwalbar da ke hannunsa ya nufo mu, ya ɗora hannu a ƙirji, da irin fuskar da na sani. Kawu ya ɗaga gilashi a hankali yana ci gaba da zancen akuya. Fitila ta ba da hannu muka wuce.

Da muka hau gadar da ke shiga Bronx na leƙa na ga ruwa a ƙasa, ɗan siriri, bai kai rabin Kwara ba. Kawu ya ƙara murya. Yanzu kan zancen taya yake, wace ce ke jure ƙanƙara, wace ce ba ta jurewa. Na tausaya masa, shi ma tsoho ne, kuma tare suka yi samartaka da Baba. Na tambaye shi tayar da ya fi so. Bai rufe baki ba har ya kashe mota a gindin wani dogon bene a Concourse Village.

Muka shiga lif muka hau. Ƙofa ta buɗe, muka fito wani dogon lungu mai ƙamshin shinkafa da turaren wuta. Tun daga nesa na gan su. Takalma ne a ƙofar Kawu, sun cika bakin ƙofar sun malalo har gaban ta maƙwabta. Silifa, sau-ciki, manyan takalman masu aikin gini, fararen takalman masu aikin asibiti, 'yan ƙanana na yara. Ranar aiki ce, da rana tsaka, a garin da ba wanda ke barin aiki don kowa.

Na sunkuya na cire nawa, na ajiye a gefen wasu. Ƙasa ta yi lilo, Kawu ya riƙe gwiwar hannuna.

An ture kujerun falon jikin bango, an shimfiɗa darduma. Maza na zazzaune, mata na ciki, yawancinsu ban taɓa ganin su ba. Aka amsa sallamarmu ƙasa-ƙasa, aka matsa aka buɗe mini wuri a tsakiya. Na zauna. Anti Rabi, matar Kawu, ta kawo ruwa a kofi ta durƙusa. Ta ce, "Sha, Isiyaku." Na sha. Ta ce, "Ƙara." Na shanye.

Kawu ya zauna a gabana, gwiwarsa na taɓa tawa. Ya cire hula ya mayar. Ya ce, "Isiyaku, sai haƙuri. Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa, ranar da Hajara ta ce maka ya samu barci. An yi masa sutura kafin la'asar, jama'a har daga tsallake."

Ɗakin ya ɗauki salati. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," na ji muryata kamar ta wani. Na jira in ji wani abu, ban ji ba. Na ce a raina, shi ke nan, haka zan zauna.

Kawu ya ce, "Kada ka ga laifin Hajara. Shi ya hana. Da safen ranar ta ce za ta kira ka ku yi sallama, ya ce a'a. Ya ce, 'Ku bar na kan ruwa ya sauka tukuna. Yaron nan tun yana ƙarami bai iya zama a jirgi ba.'"

Dariya ce ta fara kuɓuce mini, don na ji muryarsa sak, har da tarin. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Wani abu ya taso daga cikina mai zafi, irin zafin da ƙafa ke yi in jini ya fara dawowa, sai dai wannan ko'ina ne. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai gan ni tsaye a tsakiyar mutane, kofin ya kife, ina neman ƙofa, ban san inda za ni ba.

Kawu ya kama kafaɗata da hannu biyu, ya danna ni ƙasa a hankali.

Ya ce, "Zauna, ɗana. Zauna. Ka iso."